Ranar da Uwar Ɗan Fari Ta Yi Magana

Har muka kai ƙarshen shekara ta biyu a makarantar koyon aikin likita, hannuna bai taɓa sauka a jikin majinyaci mai numfashi ba. Gawa muka sani, da ƙasusuwa, da kwaɗi, da wasu littattafai waɗanda in ka ɗora wa jaki guda ɗaya sai ya durƙusa ya nemi afuwa. Tsarin lokacin ke nan. Ka haddace jiki tun daga gashin kai har farcen ƙafa, sai ka yi nisa sosai sannan a nuna maka mai jikin. A Maska kuwa tuni an gama naɗa ni likita. Duk hutun da na je gida sai tsofaffi su jeru a zauren babana, mai ciwon gwiwa da mai jiri, ni kuma in riƙa gyaɗa kai ina jero musu sunayen jijiyoyi da wani yare wanda ni ma ban san masu shi ba, har su gaji su warke da kansu.

A daminar wannan shekara, farkon shekarun tamanin, wani likitan tiyatar yara ya nemi a ba shi aron mu na dogon hutu. Aka rarraba mu ƙananan ƙungiyoyi, tawa ta faɗa wani asibiti a ƙasar Malumfashi inda yake zuwa aiki. Gajere ne, mutumin tsaunukan Filato, da hannuwa kamar faranti. In ka gan shi sai ka rantse fawa ya gada, amma da waɗannan yatsun yake ɗinke hanjin da bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Hausarsa ta ishe shi ya sayi doya ya yi faɗa da direba. Malam muke ce masa.

Malam ba ya lacca. Kai mu yake gaban gado ya ce ga yaro, ga abin da ya kawo shi, mu gaya masa abin da muka gani da abin da muka sani, sannan mu faɗi abin da ba mu sani ba. Wannan na ƙarshe shi ne aikinmu na ranar. Mu je mu tono shi a littafi, ko a bakin mutane, ko duk inda ya ɓuya. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa mu fa ba a koya mana cututtuka ba tukuna. Ya ce shi ya sa ya kawo mu wurin yara. Babba zai gaya maka ciwonsa, har ya zaɓar maka allurar da yake so. Jariri ba ya cewa komai, dole ka yi tunani.

Biyu daga cikin abokan ƙungiyar ne suka shiga labarin nan. Akwai wani dogo ɗan Ikko, mai kirki, wanda Hausarsa gaba ɗaya za ta shiga aljihun riga. Akwai kuma 'yar wani ɗan kasuwa Inyamuri mai shagon atamfa a Funtua. A can aka haife ta, a cikin matan unguwa ta girma, Hausarta ta fi tawa gishiri, kuma ba ta taɓa barin in manta da hakan ba.

Wata safiya motar kasuwa ta sauke wata tsohuwa daga Gozaki, goye da jariri. A bayanta wata matashiya ce ɗauke da ƙunshin kaya da kwanoni. Tsohuwar ta shigo ɗakin yara ta kwance goyo, matashiyar kuwa ta tsaya bakin ƙofa tana kallon bishiyar bedi kamar ita ta zo dubawa. Yaron ƙato ne, bai daɗe da fara zama ba, kumatu kamar an cusa masa ƙosai. Amma ya yi laushi, idanu sun faɗa. Malam ya sa nas ta ɗaura masa ƙarin ruwa. Ya ɗora hannu a cikinsa, yaron ya farka ya tsala ihu, ciki ya ɗaure tamau, ba abin da hannu zai ji. Hoton ciki irin na yanzu kuwa babu shi a lokacin.

Malam ya ja mu baranda.

"Ina da zato, ba zan ba ku ba," in ji shi. "Ni kaina zaton bai ishe ni in ɗauki wuƙa ba. Labari nake so. Tsohuwa ta ce allura ta zo a yi masa, da la'asar motarsu za ta juya kafin ruwa ya cika rafi. In atuni ne, mu ba ta magani ta tafi. In abin da nake tsoro ne kuma ya koma gida, ba zai kwana da yawa ba. Ku je."

Ni aka tura, tunda ni ne ɗan ƙasa. Na durƙusa na gaida tsohuwa, na tambayi gida da damina da gajiyar hanya, na tambayi mutanen da na sani a Gozaki da waɗanda na ƙirƙira. Sannan na zo kan yaro.

"Haƙori ne, ɗan nan," ta ce. "Haƙori ke zuwa da zawo da amai. Wannan mijin nawa raki gare shi. Na dama masa koko ya ƙi sha, wai fushi yake da ni don na tsufa."

"Iya, akwai jini a bayan gidan?"

"An ce akwai. Ku dai yi masa allura mai zafi, ya san ya zo asibiti."

Na koma wurin Malam ina tafiya kamar wanda ya gano rijiyar mai. Zawo da jini, da amai, da damina, ga koko da aka fara ba shi. Atuni, na ce. Har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a zauren babana.

Malam ya ce, "Kukan, a jere yake yi ko yana zuwa yana tafiya?"

Ban sani ba.

"Aman wane launi ne? Jinin, a cikin kashi yake ko shi kaɗai ya fito?"

Na koma na tambayi tsohuwa. Ta ce kuka dai kuka ne, amai kuma ba atamfa ba ne balle ta tsaya zaɓen launi. Na dawo da wannan amsa, tafiyar tawa ta ɗan ragu.

"Wa ke kwana da shi? Wa ke wanke tsummansa?"

"Uwarsa, Malam."

"Tana ina?"

"Ga ta can bakin ƙofa."

"Me ta ce?"

"Malam, ai ɗan fari ne."

A wurina wannan cikakkiyar amsa ce, ba ta buƙatar ƙari. A ƙasarmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban uwar mijinta. Ni kaina ɗan fari ne. Ranar da na faɗo daga mangwaro na karya hannu, innata juya baya ta yi ta tambayi gwaggona me ya sami wancan, alhali daga baya aka gaya mini kwana ta yi ba ta ci abinci ba. Saboda haka ko a mafarki ban yi tunanin in tsallake tsohuwa in tambayi matar ɗanta ba. Ladabi ne ya kai ni wurin wadda ta dace a tambaya, ita kuma ba ita ke wanke tsumma ba.

Malam ya ce ya san al'adar, ya daɗe a ƙasar nan. "To ga abin da ba ku sani ba, ga kuma wadda ta sani tsaye a bakin ƙofa. Ƙarin ruwan nan yana tafiya, lokaci ma haka. Sauran naku ne."

Ɗan Ikko bai jira ba. Ya miƙe da duk tsawonsa ya nufi ƙofa, ya tsaya a kan matashiyar kamar turken lantarki.

"Madam, yaro naka, mene sunan shi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa. Tsohuwa ta tafa hannu daga bakin gado.

"Kai! Wannan dogon a ina aka raine shi? Ku janye shi kafin ƙasa ta tsage yarinya ta shige."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ya dawo yana tambayarmu me ya yi.

'Yar Funtua ba ta yi dariya ba, ido ta sa wa matashiyar. Da ta ga ta ɗauki ƙunshinta ta zagaya bayan ɗaki wajen famfo, sai ta cire farar rigarta ta miƙa mini, ta ari bokitin wata mai jinya.

"Kai ɗan Maska, je ka riƙe tsohuwa da surutu. Shi kaɗai Allah ya hore maka, yau ya yi amfani."

Na kuwa riƙe ta. Muka yi hirar tsadar taki, da tsutsar da ta addabi auduga, da yaran zamani masu gudun fartanya. Na ce tunda mijinta ya kwanta ciwo ta sake shi ta aure ni, ga ni likita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ta auren mai wuya kamar na zalɓe. Na yi surutu ranar har harshena ya nemi hutu, tsohuwa ko gezau.

Abin da ya faru a famfo, 'yar Funtua ce ta ba mu labari. Ta ce ba ta ambaci kalmar ɗa ko uwa ba. Tsugunawa ta yi tana tara ruwa, ta ce, "Sannu da aiki, 'yar'uwa. Wannan ɗan Inna ya ba ku wahala." Da aka mai da yaron na Inna, wato tsohuwar, sai bakin matashiyar ya buɗe. Cikin bokiti take kallo tana magana, amma ba abin da ta bari. Ta ce jiya da hantsi ɗan Inna yana wasa lafiya lau, sai ya ƙwalla ƙara ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji. Can ya yi shiru ya yi barci kamar ba shi ba, can kuma abin ya dawo. Haka yake yi tun jiya. Aman farko nono ne, na baya kore kamar ruwan ganye. Sannan ta kwance wani tsumma da ta naɗe daban ba ta wanke ba. Tun daga Gozaki ta taho da shi ko wani zai tambaya. Majina ce ja, kamar yauƙin kuɓewa da aka zuba wa zoɓo, ba ɗigon kashi a ciki. Ta ƙara da cewa in ya yi barci ba kowa a ɗaki takan shafa cikinsa, kuma ta ji wani abu dogo kamar ƙaramar ayaba a dama, ƙasan haƙarƙari.

Muka baje littattafai a kan benci ƙarƙashin bedi. Abin mamaki, duk abin da muke buƙata mun riga mun haddace shi don jarrabawa, ba mu dai taɓa sanin yana da amfani ba. Ɗan Ikko ya tuna hanjin zomo da muka rataya a ɗakin gwaji, yadda yake matsewa ya saki, ya matse ya saki. Ciwon da ke zuwa yana tafiya ke nan, hanji na turawa ya tarar da hanya a toshe. 'Yar Funtua ta ce koren amai ɗaci ne, ɗaci kuma ƙasa da tumbi yake shiga hanji, don haka toshewar tana can ƙasa. Na ce atuni ba ya hana kashi fita. To me zai toshe hanjin ƙaton jariri mai ƙoshin lafiya? Ɗan Ikko ya ce tsutsar ciki. Muka ce wanda bai fara rarrafe ba yaushe ya tara tsutsar da za ta cika hanya. Muka yi ta buɗe shafi har muka iske shi: hanji kan shige cikin hanji. Na karanta ban gane ba, sai da na kama hannun farar rigar da ke kafaɗata na tura bakinsa ciki, na ga yadda ya haɗiye kansa ya yi dunƙule dogo. Na yi ihun da ya tashi tsuntsayen bishiyar, wasu ma ba su dawo ba har yau.

Malam ya saurare mu bai katse ba. Ya dubi tsumman, ya dubi hannun rigar.

"In aka bar shi fa?"

"Jinin da ke ciyar da wurin zai tsaya, hanjin ya mutu," in ji 'yar Funtua.

Ya je bakin gado. Yaron na barci. Ya ɗumama hannunsa a hammata, ya ɗora shi daidai inda uwar ta faɗa, ya tsaya shiru kamar mai sauraren rediyo. Da ya ɗago sai ya ce wa nas a shirya ɗakin tiyata. Sannan ya dube ni.

"Saura tsohuwa. Ba na taɓa yaro sai nasa sun yarda."

Na sake durƙusawa. Na nuna mata hannun riga, na tura, na ja, na yi bayani da duk Hausar da na gada. Wasa ya ɓace daga fuskarta.

"A yanka mini shi? Saboda haƙori? Ubansa ya tafi Musawa sayen san huɗa, ya bar mini yaro da cikinsa a rufe. In ya dawo in ce masa me? A'a. Ku cire masa wannan igiyar ruwan."

Ta miƙe tana gyara zanen goyo. Gabas ta fara haɗa hadari, daga bakin titi muka ji motarsu ta yi oda. Malam ya yi mata magana da tasa Hausar, a hankali, ya ce in ta tafi da shi ba ya jin za ta dawo da shi. Ta ce rai na Allah ne, ta raini yara da yawa ba a yanka ko ɗaya ba. Ba faɗa take ba. Tsoro ne, kuma ta riga ta yanke.

"Inna."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Matashiyar ta shigo taku ɗaya, ta juya fuskarta ga bango.

"Inna, ba haƙori ba ne. Na taɓa abin da hannuna. A bar shi a yi masa."

Tsohuwa ta tsaya da zane a hannu tana kallon bayan matar ɗanta.

"Ke ce kika yi magana?"

Matashiyar ta ƙara jan mayafinta.

Tsohuwa ta juyo wurinmu. "Tun ranar da aka haife shi yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gabana ba." Ta koma ta zauna a bakin gado, ta ninke zanen ta ɗora a cinya. "Likita, ɗauke shi. Ni na haifi uban. In ya dawo ya zo ya same ni."

A kan benci muka tsaya a ɗakin tiyata, muna leƙe ta saman kafaɗar Malam, ruwan sama na dukan kwano. Ya buɗe cikin, ga abin nan kuwa kamar yadda hannun riga ya nuna. Bai ja ba. Daga ƙarshe ya riƙa matsowa a hankali kamar mai tatsar saniya, har ɓangaren da ya shige ya zamo ya fito. Baƙi ne kamar ɗinya. Ya lulluɓe shi da ƙyalle mai ɗumi, ya harɗe hannuwa.

"Me muke jira?"

"Jini ya dawo," in ji ɗan Ikko, da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba.

"In bai dawo ba?"

"A yanke wurin a haɗa," na ce.

"To ku roƙi Allah kada mu kai nan."

Ban san tsawon jiran ba, amma na tabbata gemuna a nan ya fara tsirowa. Da ya ɗaga ƙyallen, baƙin ya koma ja kamar goro. Ya ɗan taɓa shi da yatsa, hanjin ya motsa. Malam ya ce a ba shi zare.

Bayan nan aikinmu ya koma jiran tusa. Malam ya ce sai hanji ya nuna ya farka za a ba yaro nono, ya kuma sa muka je muka nemo dalili. Kullum da safe manyan ɗaliban jami'a sai mu kewaye gado muna tambayar tsohuwa ko mijinta ya yi. Uban ya zo daga Musawa a firgice, ta zaunar da shi a baranda ta yi masa magana, ya shigo ya gode wa Malam har ƙasa. Matashiyar kuwa ta koma bakin ƙofa, kunyarta ta ninka ta da.

Wata safiya muna shigowa tsohuwa ta tarye mu da guɗa.

"Ya yi! Wallahi ya yi, har gado ya girgiza!"

Malam ya saurari cikin, ya ce a ba shi nono kaɗan. Tsohuwa ta ɗauki yaron da kanta, ta kira matar ɗanta ta zaunar da ita, ta ɗora mata shi a cinya. Sannan ta juyo kanmu.

"To me kuke kallo? Ku fita. Kai mai wuyan zalɓe, zo ka raka ni in sayi goro."

Ta kora mu waje har da Malam, ta ce wa matan gadajen kusa su dubi gabansu. Ita ce ta ƙarshen fita, ta jawo ƙofa ba ta waiwaya ba. Muna sauka daga baranda na ji murya ƙasa ƙasa ta taga, uwar tana yi wa yaron magana. Na rage tafiya. Tsohuwa ta finciki hannun rigata ta ce in wuce, ba da ni ake ba.